Hunturu da motar lantarki: sanyin namu bai kai na cikin bidiyo ba

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Ringim, sana'ata hatsi, kusan kullum sai na shiga Kano, tafiyar kilomita 80 zuwa, 80 dawowa. Kuɗin mai ya ishe ni, har na fara cinikin mota mai lantarki ta Baljiyam. Sai yarona ya nuna min bidiyon motoci irinta sun mace a layin caji a Amurka saboda sanyi. Ni kuma da asuba nake fita, ko a tsakiyar hunturu. Sanyi zai rage min tafiya ne, ko zai hana motar shan caji? Sannan ƙanena yana da adaidaita sahu mai batir, yana kukan tun da sanyi ya shigo ba ta kai shi la'asar.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi.

Bidiyon nan ba haɗi ba ne. A birnin Shikago abin ya faru, tsakiyar watan Janairun 2024, motoci da dama ƙirar Tesla suka yi cirko-cirko a tashoshin caji, wasu sai janwe ce ta ɗauke su. Sai dai ka tambayi yaron naka nawa ma'auni ya nuna a kwanakin. Sanyin ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, har ya ɗan gota, sifili kuwa shi ne inda ruwa ke zama ƙanƙara. Mu a nan, a Disamba da Janairu, asubar da ake dunƙulewa ana jin wuta a bakin masallaci yawanci tsakanin digiri 11 da 14 take, sama da sifili. Jefi-jefi takan faɗo ƙasa da 10. Kafin azahar kuma rana ta mayar da gari kusan 30. Wato tsakanin abin da ka gani a waya da abin da za ka fita cikinsa akwai ratar da ta haura digiri 30. Idan batirin motar lafiyayye ne, abin da hunturu zai rage maka kaɗan ne, wata rana ma ba za ka lura ba. Watan da ya kamata ka yi wa shiri shi ne Afrilu. Zan zo kan wannan, amma bari mu fara da abin da sanyi ke yi wa batir, domin maganar ƙanenka ma a nan take.

Batirin waɗannan motoci na litiyam ne, danginsu ɗaya da na wayarka, girma ne ya bambanta su. A cikin kowane ƙwayar batir akwai ɓangare biyu, tsakaninsu kuma wani ruwan sinadari. Idan kana caji, ƙananan ƙwayoyin litiyam sukan ratsa ruwan nan su je su shige cikin ɓangaren da aka yi da girafait, baƙin abin nan na cikin fensir, su zauna. Idan ka taka totur sai su juyo, juyowar tasu ce take ba ka wuta. To ruwan nan yana yin kauri idan ya yi sanyi, haɗuwar sinadaran ma tana yin nawa. Ka san yadda manja ke daskarewa a galan da safiyar hunturu: bai ragu ba ko cokali ɗaya, amma ka kifa galan ɗin ba zai zubo ba sai ya sha rana. Haka cajin yake. Yana nan a ciki, fitarsa ce ta yi wuya, da zarar batirin ya ɗumama kuma abin da ya maƙale zai dawo. Batirin litiyam ya fi sakewa tsakanin digiri 20 zuwa 30. A 15 bai damu sosai ba. Daga 10 zuwa ƙasa ake fara ganin canji a fili, ƙasa da sifili kuma sai abin ya yi tsanani.

Wajen caji ne sanyi ke iya yin ɓarna mai ɗorewa. Idan batir yana ƙasa da sifili aka danna masa wuta da ƙarfi, litiyam ɗin ba ya samun damar shigewa cikin girafait, sai ya taru a bakinsa ya zama ƙarfe. Wani ɓangare na wanda ya zama ƙarfe ya tafi ke nan, ƙarfin batirin ya ragu har abada, wani lokaci ma ya tsiro kamar allura ya huda tsakanin ɓangarorin biyu ya haddasa gobara. Shi ya sa kowace mota ke da ƙaramar kwamfuta mai gadin batir. Idan ta ji sanyi sai ta rage wutar da ke shiga, ko ta tsayar da ita gaba ɗaya har sai hitar batirin ta ɗumama shi. Direba yana ganin an jona waya amma lamba ba ta motsi, sai ya ɗauka caja ta lalace, alhali motar ce ke kare kanta. Wata cibiyar bincike ta gwamnatin Amurka da ke Idaho ta fitar da nazari a 2018 kan tasi-tasi ƙirar Nissan Leaf a birnin Niyok: a digiri 25, minti 30 na caji mai sauri kan kai batir kusan kashi 80 cikin 100, amma a sifili, cikin wannan minti 30 ɗin, cajin da aka samu ya yi ƙasa da hakan da kashi 36 cikin 100. Ka lissafa wannan a tasha mai layi: kowa ya daɗe a kan caja, na baya suna jira da hita a kunne, batirinsu yana ƙarewa yana kuma ƙara sanyi. Abin da ya faru a Shikago ke nan, ga wasu cajojin su ma sanyin ya kashe su.

Kuma kada a ɗauka sanyi ya gagari motar. A ƙasar Norwe, inda dusar ƙanƙara ke rufe gari watanni, kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka saya a 2024 masu lantarki zalla ne. Ƙungiyar masu motoci ta ƙasar ta gwada motoci 20 a sanyin 2020, ta ga a matsakaici tafiyarsu ta ragu da kashi 18.5 cikin 100 a kan abin da kamfani ya rubuta. Mutanen ƙasar suna caji a gida da dare, suna ɗumama motar tun tana jone da wuta, suna harkarsu.

Akwai wani gwaji da nake so ka riƙe, domin shi ya fi shafarka. A 2019 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada motocin lantarki biyar, ta ɗauki digiri 24 a matsayin ma'auni. A digiri 7 ƙasa da sifili, ba tare da an kunna hita ba, tafiya ta ragu da kashi 12 cikin 100. Da aka kunna hita sai raguwar ta kai kashi 41. Ka ga ashe babban ɓarawon ba sanyin batir ba ne, ɗumama cikin mota ne. Motar fetur tana zubar da fiye da rabin ƙarfin man da ta sha a matsayin zafi, ta lagireto da salansa, don haka hitarta kyauta ce. Motar lantarki ba ta da wannan ɓarnar, duk ɗumin da ka ji daga batir ya fito, kuma hita tana iya jan kilowat 3 zuwa 6 a sanyi mai tsanani. Kai da za ka fita da rigar sanyi da rawani, ko ka kunna ta minti goma ka kashe kafin ka hau kwalta, wannan asarar ba taka ba ce. A cikin gwajin nan dai sun kai ma'auni digiri 35: ba esi, tafiya ta ragu da kashi 4, da esi kuma kashi 17. Wannan lambar ce tamu, kuma 35 a wurinmu ranar sauƙi ce a bazara.

Wani abin da ke taimakonka shi ne nauyin batirin kansa. Na mota irin Hyundai Kona mai ɗaukar yunit 64 na wuta, wadda kamfanin Stallion ya fara haɗawa a Legas a 2020, ya haura kilo 400, yana rufe cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin mota. Abu mai wannan nauyi ba ya hucewa cikin dare ɗaya. Ka dawo da yamma da batir mai ɗumi, ka jona caji wanda shi ma yana ɗumama shi, ka ajiye motar a gareji ko cikin gida inda katanga ta tare iska. Da asuba iskar waje tana 12, amma batirin bai sauko can ba. Da ka yi tafiyar kwata ɗin awa kuma ya koma daidai. Abin da za ka iya gani shi ne lambar kilomita da ke allon gabanka ta ɗan sauka a kan yadda ka bar ta jiya, ko birkin nan da ke mayar da wuta cikin batir idan ka ɗaga ƙafa ya ɗan yi laushi a farkon tafiya, musamman idan batir ya cika taf. Lambar nan hasashe ce da kwamfuta ke yi daga tuƙinka na baya. Ka fi dogara da kason caji, kashi nawa cikin 100 ya rage.

Abubuwan da hunturu zai ci maka caji da su ba su da alaƙa da batir sosai. Na farko iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, Ringim kuma gabas take da Kano, ta ɗan karkata arewa. Da safe iskar tana bayanka tana tura ka, da yamma kuma ita za ka tunkara, ga kaya a but. Don haka kada ka ce na ci kashi 20 a zuwa, kashi 20 zai dawo da ni. Ka ware wa dawowa fiye da zuwa. Gudu ma haka: turjiyar iska a kilomita 120 cikin awa ta fi ta 90 da kusan kashi 78 cikin 100, abin da ƙafarka za ta ɓarnatar ya ninka na sanyi sau da yawa. Sai taya. Duk saukar digiri 5 zuwa 6 tana rage awon iskar taya da kusan lamba ɗaya a gejin mai faci. Idan aka ba ka iska da rana tsaka a Kano, taya da zafinta, geji ya nuna 35, da asuba kana iya samun 31 ko 32. Taya mai laushi tana shan caji, a kan burji da yashi kuma abin ya fi yawa. Ka sayi geji naka na aljihu, ka riƙa aunawa da safe kafin motar ta motsa, ka bi lambar da aka manna a jikin ƙofar direba.

Yanzu lissafin da ya fi muhimmanci, wanda ba ka tambaya ba: ina za ka samo wutar? Yunit ɗin da nake faɗa shi ne dai wanda ake saye a mita, kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Mota matsakaiciya tana cin yunit 15 zuwa 18 a kilomita 100. Tafiyarka ta 160 za ta ci kusan 27, ka ƙara abin da ke salwanta a caja, a ce 30 ko 31 a kullum. Soket na gida yana ba da kusan kilowat 2.3, wato awa 13 zuwa 14 ba ɗaukewa. Cajar bango mai kilowat 7 za ta gama cikin awa 4 zuwa 5, amma tana jan amfiya 32, sai an ja mata waya mai kauri tata ita kaɗai daga mita, da atin mai kyau, kuma sai in taransifomar garinku za ta ɗauka. Kai ka fi ni sanin awa nawa wuta ke zama a ƙauyenku da dare, da kuma ƙarfin da take zuwa da shi. Idan ta yi ƙasa sosai motar ƙin karɓa za ta yi, ka ce sanyi ne.

Janareta kuwa, ka cire shi daga lissafi sai dai don ranar larura. Ƙaramin injin fetur yana ba da wajen yunit 2 a kowace lita. Yunit 30 ya zama lita 15 ke nan. Motar fetur mai cin lita 8 a kilomita 100 za ta yi tafiyar nan da lita 13. Ka ga an gudu ba a tsira ba.

Sola ita ce mafita ta gaskiya a karkara, kuma a nan ne hunturu ke da tasiri sosai, ta hanyar da mutane ba su zata ba. Faranti yana son sanyi: duk digiri ɗaya da ya sauka yana ƙara masa kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfi. Amma hazo yana tare rana tun daga sama, ƙura kuma tana kwanciya a kan gilashi, abin da waɗannan biyun ke ragewa ya fi abin da sanyi ya ƙara. Nakan hau rufin kwano a Janairu in tarar da faranti ya koma launin ƙasa, in shafa yatsa in bar layi baƙi a jikinsa, mai gida kuma yana ƙasa yana rantsuwa batirinsa ne ya mutu. Ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe ko bayan la'asar lokacin da gilashin ya huce, sau biyu a mako, shi ne maganin. Faranti mai wat 550 yakan ba da yunit 2 da ɗoriya a rana mai kyau, don haka kana bukatar 13 zuwa 15 don motar kaɗai. Matsalar ita ce lokacin da rana ke dukan rufinka kai kana Dawanau da motar. Ko dai ka sayi batirin gida da zai tara wutar har dare, wanda kuɗinsa ba kaɗan ba ne, ko ka samu inda za ka jona a Kano kana ciniki, ko ka tsara makonka yadda motar za ta wuni a gida wasu ranaku. Kona ɗin nan mai yunit 64, wadda aka auna mata kilomita 415 a gwajin Amurka, tana iya yi maka zuwa da dawowa sau biyu a caji ɗaya idan batirinta na da lafiya kuma ba ka zuba gudu ba, amma da kyar, ban ba ka shawarar ka mayar da hakan ɗabi'a ba. A faɗa wa mai haɗa solar kuma ya bar rata a lissafinsa, domin da sanyin safiya boltejin faranti yana hawa, idan an jera su da yawa a layi ɗaya yana iya wuce abin da inbata za ta jure.

To sai zafi. Abin da sanyinmu ya rage da safe yana dawowa da hantsi. Abin da zafi ya ci ba ya dawowa. A Afrilu da Mayu ma'auni yana haura 40 a Kano da Jigawa, a yankin Haɗeja da Maigatari ma ba a magana, saman kwalta kuma ya fi haka nesa, batirin ga shi a ƙasan mota dab da ita. Zafi yana hanzarta wasu haɗe-haɗen sinadarai da ke cinye litiyam a hankali, ko motar tana ajiye, kuma ya fi ɓarna idan batir yana cike. An ga wannan a fili a jihar Arizona ta Amurka a 2012, inda masu Nissan Leaf na farko suka yi ta ƙorafin batirinsu ya zube cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Leaf ta ƙira ta farko da ta biyu ba ta da ruwan da ke zagaya batir yana sanyaya shi, iska kawai ta dogara da ita. Na ambace ta ne domin tana cikin masu araha a kasuwar Baljiyam, ita dillali zai fara nuna maka. Ta farko mai yunit 24 ko tana sabuwa tafiyarta kilomita 120 zuwa 135 ce, ba za ta kai ka Kano ta dawo da kai ba. Mai yunit 40 an auna mata 240, bayan shekaru a jikinta da bazara biyu a Jigawa za ka fara dawowa gida zuciya na dukan uku-uku. Ni dai a wannan ƙasa tamu ba zan sa kuɗina a motar da ba ruwa ke sanyaya batirinta ba.

Ka tambayi irin sinadarin batirin ma. A batiran litiyam akwai irin da ake kira NMC, mai haɗin nikel da manganis da kobalt, akwai kuma LFP, mai haɗin ƙarfe da fosfet, wanda kamfanonin ƙasar Sin irin su BYD suka fi amfani da shi. A rubuce-rubucen Turawa za ka ga ana kushe LFP cewa ya fi jin sanyi, kuma gaskiya ne. Amma ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, ya fi yawan zagayen caji, yana kuma jure a cika shi zuwa 100. Aibinsa a Kanada yake, amfaninsa a wurinmu. Idan NMC ka samu, ka tsayar da cajin yau da kullum a kashi 80, sai ranar doguwar tafiya ka cika, ka kuma tashi da wuri kada ya wuni a cike cikin rana. Lokacin caji ma ya bi yanayi: a hunturu ka jona da zarar ka dawo, batir da ɗuminsa, a bazara kuma ka bar shi ya huce, ka jona bayan isha'i. Rumfa ko inuwar darbejiya wajibi ce.

Wajen saye, motar da ta fito daga ƙasa mai sanyi ba abin gudu ba ce, sau da yawa batirinta ya fi na wadda ta zauna a ƙasa mai zafi lafiya. Abin dubawa a jikinta tsatsa ce, saboda gishirin da suke zubawa a titi don narkar da ƙanƙara, a sa ta a rami a leƙa ƙasanta da bututun birki. Kada ka yarda da lambar kilomita a allo, ana iya sa ta ta yi kyau. A jona na'urar bincike a karanto lafiyar batir, kashi nawa ya rage daga asalinsa, da bambancin bolteji tsakanin ƙwayoyinsa. A Leaf akwai ƙananan sanduna 12 na lafiyar batir, ta farko tana ɓacewa ne bayan an rasa kashi 15 cikin 100. Ka nemi a bar ka ka yi tafiya mai tsawo da ita ka ga abin da ta ci. Wayar cajin da ke zuwa da motocin Amurka kuma ta wuta mai bolt 120 ce, tamu 230 ce, a karanta jikinta kafin a cusa a soket. In kana da wanda ka sani a Maiduguri, inda aka ƙaddamar da tasi masu lantarki na gwamnatin Borno a ƙarshen 2023, ka sa ya tambayo maka direbobin yadda suke ƙarewa da bazara da kayan gyara. Yanayinsu irin namu ne, shaidarsu ta fi ta Shikago amfani a gare ka.

Abu ɗaya da sanyinmu zai iya yi maka da gaske: motar lantarki ma tana da ƙaramin batir mai bolt 12 irin na kowace mota, shi ke tayar da kwamfuta ya buɗe wa babban hanya. Idan zafin bara ya gajiyar da shi, asubar hunturu ce za ta ƙarasa shi, babban batir yana cike amma mota ta ƙi ko ƙyafta ido. Kowane riwaya zai iya auna shi. A duba shi a Nuwamba.

Wannan ya kawo mu kan ƙanenka, kuma kukansa yana da tushe. Na fi zaton batiran adaidaitarsa na dalma ne, irin na ruwa ko na jel, guda biyar ko shida masu bolt 12 a jere su ba da 60 ko 72. Ƙarfin da aka rubuta a jikinsu a digiri 25 aka auna, kuma yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 a duk digiri ɗaya da aka sauka idan ana jan su da ƙarfi. Suna ƙarƙashin kujera a fili, ba hita, ba abin da ke tare musu iska, sun kwana a waje. Asarar kashi 10 da safe ba abin mamaki ba ce. Sannan batirin dalma mai sanyi yana bukatar bolteji ɗan sama kafin ya cika, cajar da ake haɗo su da ita kuma lamba ɗaya ta sani, sai ta nuna koriyar fitila alhali da saura. Kullum a fita da batir bai cika ba, farantan ciki su fara yin ɓawon da ba ya narkewa.

Amma kashi 10 ko 15 ba zai mayar da wunin mutum ya tsaya kafin la'asar ba. Idan raguwar ta kai haka, batiran sun riga sun gaji tun bazara, domin rayuwar batirin dalma tana raguwa da rabi a duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25. Sanyi tona asiri kawai ya yi. Kuma yawanci ɗaya ne a cikinsu ya ja sauran ƙasa. Ga yadda ake kama shi: a cika caji, a bar su su huta awa ɗaya, a ɗaga kujera a auna kowanne da mita. Duk za su nuna 12.7 ko kusa da haka, har mara lafiyar. Sai a ɗora mutane a baya, ɗaya ya riƙe mitar a kan batir guda, direba ya ja a ɗan hawa. Lafiyayye zai sauko wajen 12 ko 11 da ɗoriya ya tsaya. Wanda ya mutu zai zube zuwa 10 ko ƙasa nan take. A bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan duk saitin ya tsufa, sa sabo guda a cikinsu asarar kuɗi ce, tsofaffin za su lalata shi cikin watanni, sai dai a samo wanda ya yi daidai da su a shekaru a lallaɓa kafin a tara na canji. Ranar canjin kuma ya duba LFP, da cajarsa ta musamman, kada ya jona masa tsohuwar.

Kafin nan, ya riƙa jona caji da zarar ya shigo gida, kada ya bari sai tsakar dare, ya kwana da ita a zaure ko inda iska ba ta dukanta kai tsaye, in da hali ya ƙara mata awa ɗaya da rana lokacin da fasinja ya yi ƙaranci. Idan na ruwa ne a duba ruwan, a ƙara tataccen ruwan batir bayan an gama caji, ba asid ba, ba ruwan rijiya ba. A goge ƙura da farin garin da ke taruwa a kan tamina, a ɗaure su tam. Kuma ka ja masa kunne, kada wani ya ba shi shawarar ajiye kaskon gawayi kusa da batir don ya ɗumama shi: batirin dalma yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, tartsatsi ɗaya ya isa ya tarwatsa shi ya watsa wa mutum asid a fuska. Inda ake cajin ya zama da taga a buɗe, kuma ba ɗakin da yara ke kwana ba.